Ragowa Ta Daina Tuƙa

'Yandoto, ranar Litinin, cikin Satumba 2021

Zuwa ga ƙanwata Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulrahman. Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana gaishe ki, ƙafar nan ce dai ke taɓa ta in an yi ruwa. Matata Asiya na gaishe ki. 'Yarki Wasila ta warware sarai, ƙiriniya ta dawo, jiya ma ta kifar mana da ƙwaryar gari.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Rabona da biro tun sakandare. Tun da gwamnati ta kashe layukan waya saboda ɓarayin daji, wayata ta koma tocila, shi ya sa na ba Yari direba wannan takarda ya miƙa miki a asibitin dabbobin da kike aiki.

Maganar Ragowa ce. Ba sai na tuna miki abin da saniyar nan take a gidanmu ba. Garken Baba kaf aka kore, ita kaɗai ta dawo da ƙafarta, Inna ta sa mata wannan suna. Da nononta Inna ke shan fura, da shi aka yaye Wasila. Tun da daji ya gagara muka ɗaure ta a gida, ita da 'yar maraƙarta, ina yanko musu ciyawa.

To, bana ba mu bar gero ya kwana a gona ba, muna yanka muna kwasowa. Asiya da maƙwabta suka sussuka wani, aka tara shi a tsakar gida kafin a ɗura a buhu. Ranar Juma'a ina masallaci, mata sun shiga barka maƙwabta, Ragowa ta tsinke igiya ta faɗa kan geron nan. Wallahi Mansura, ta ci ta ci har sai da ta gaji don kanta.

Washegari cikinta ya kumbura ta hagu. In ka tura da hannu sai ka ji ruwa na motsi a ciki. Tana zawo fari-fari mai tsami, ta ƙi ciyawa, ta ƙi dusa. Abin da ya fi tayar wa Inna hankali shi ne ta daina tuƙa. Kin san yadda take kwanciya da hantsi tana maido abinci baki tana taunawa a hankali. Yanzu bakin a rufe yake, sai niƙa haƙora. Nono ya ja baya, maraƙar sai kuka.

Ban zauna ba. Na shiga Tsafe wurin mai kemis, ya ba ni kafso ja da yalo, ya ce in ɓare su a ruwa in ɗura mata safe da yamma. Ina ta yi, amma jiya i yau. Da ana barin ɗaukar dabba a mota da tuni kin gan mu a ƙofar asibitinku, to an hana.

Don Allah ki aiko mani da allura mai ƙarfi, irin wadda kuke yi wa shanun manya. Ki ba Yari, gobe ko jibi zai juyo.

Yayanki,
Shu'aibu

Gusau, ranar Laraba

Yaya Shu'aibu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, maigida ma lafiya, yana gaishe ku. A gaida Inna da kyau, a ce mata ta riƙa gasa ƙafar. A gaida Asiya, a ja mani kunnen Wasila.

Yaya, don girman Allah ka ajiye kafson nan yau ɗin nan. Da na karanta inda ka ce safe da yamma, sai da na dafe kai. Ba wata allura da zan aiko maka, domin abin da ya sami Ragowa ba na allura ba ne. Ka yi haƙuri ka karanta bayanina har ƙarshe, na san halinka da tsallake layi.

Saniya ba ita ke narka ciyawa da kanta ba. Cikin tumbinta akwai ƙananan halittu masu rai, ba su ƙirguwa, ido ba ya ganinsu. Na sha ɗiga ruwan tumbi a madubin asibiti ina kallonsu, suna ta kai da kawowa kamar kasuwar Mada ranar cinta. Su ke cin ciyawar, su mayar da ita abin da jikin saniya zai amfana, har ya zama nama da nono. Da Ragowa ta cika tumbi da gero, 'yan kaɗan daga cikinsu masu son hatsi suka sami biki, suka hayayyafa, suka cika cikin da tsami. Tsamin nan ya kashe masu aikin ciyawa. Shi ya sa ta daina tuƙa. Kai kuma ka bi sauran da kafso, shi ko kafso bai san na gida ba bai san baƙo ba, duk wanda ya tarar kashewa yake.

Mu ma muna da irinsu a hanjinmu. Ka tuna da damina, bayan Wasila ta tsallake amai da gudawa, mai kemis ya yi ta ba ku wani magani bayan wani, zawon ya ƙi tsayawa? Sai da likita ya ce a dakatar da su haka nan, a bar cikin yarinya ya huta, a ba ta kunu da kindirmo. To labarin ɗaya ne.

Ga abin da za ka yi. Ka jiƙa jar kanwa ka riƙa ɗura mata ruwan a hankali, zai rage tsamin. Kada ta ga dusa ko ƙwayar hatsi, sai busasshiyar ciyawa da harawa, da ruwa kaɗan-kaɗan. Amma babban maganin shi ne a mayar mata da halittun da ta rasa. Ka je kwata da sassafe, in an yanka lafiyayyar saniya ka roƙi toroso, wato abin da ke cikin tumbi, ka matse ruwansa ta tsumma ka kawo mata da ɗuminsa. In ba ka samu ba, ka nemi mai lafiyayyar saniya, in tana tuƙa a zaro abin da ke bakinta a dama a ba Ragowa.

Na so in zo da kaina. Na yi wa maigida magana, ya ce hanyar Tsafe a wannan hali ko da wasa, an tare ta shekaranjiya. Na yi kuka na yi fushi, bai sauya ba.

Ka rubuto mani yadda ta kwana.

Ƙanwarka,
Mansura

'Yandoto, ranar Asabar

Mansura,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fata kuna lafiya. Takardarki sai jiya da la'asar ta iso, Yari ya ce man fetur ya tsayar da shi.

Haba likitar shanu! Duk shekarun nan da kika yi kina karatu, ashe ƙarshensa ki tura yayanki kwata roƙon ƙazantar ciki? Na nemi allura kin ba ni abin da ungulu ke faɗa a kai. Na dai bi maganarki don ba ni da wata. Na ajiye kafson, ko da yake raina bai kwanta ba, mai kemis ma cewa ya yi in na katse magani a tsakiya kada in kuka da shi.

Kanwar ta ɗan yi aiki, ba zan ƙi gaskiya ba. Kumburin ya sauka, ta miƙe, ta shinshina harawa ta kau da kai. Tuƙa dai babu.

Yau da sassafe na shiga kwatar Tsafe da bokiti. Ke kina zaune a Gusau kina ce mani in an yanka saniya. Wace saniya? Tun da aka rufe kasuwannin dabbobi mahauta zaman hira suke. Wata ramammiyar akuya kaɗai na tarar an yanka, an kuma riga an zubar da cikin. Da na faɗi abin da ya kawo ni suka yi ta dariya, wani ya ce ko miya za a yi da shi. Na juyo da bokitina.

Batun mai lafiyayyar saniya kuwa, na bi unguwarmu gida-gida a raina, daga gidan Liman har bakin rafi. Mansura, babu. Wanda ba a kore nasa ba ya sayar. Ragowa ce saniyar unguwar nan.

Inna ta sa na karanta mata takardarki, kin san ba ta yarda a taƙaita mata. Da na zo wurin halittun da ido ba ya gani ta ce in dakata. Ta ce, “Ba su ne sunka so ɗauke mani Wasila ba?” Na ce a'a, waɗannan na kirki ne. Ta ce, “Mi ya raba su, tunda duk ba a ganinsu?” Na rasa amsa, na ci gaba da karatu.

Ba ki ga yadda Inna ta koma ba. Matar da kika yi shekaru kina roƙo ta tafasa ruwan rijiya tana ce miki shi ya raya kakanninki, tun ranar da ta ga idon Wasila ya faɗa, ta sa wa ranta ita ta ba ta ruwan. Yanzu ko na wanke cokali sai ya hau wuta. Itace ya yi tsada, ita kuma murhunta ba ya mutuwa. Asiya ta yi magana, Inna ta ce ɗiyarta likita ce ta ce.

Ki san abin yi. Saniyar nan ramewa take a kan idona.

Yayanki,
Shu'aibu

Gusau, safiyar Litinin

Yaya,

Sallama da gaisuwa, a tsaye nake rubutu a tasha, Yari na ta danna mani oda.

Ka ci gaba da tsiyarka, na ji. Da sallar asuba na tafi kwatar Gusau da kaina. Na tsaya har aka yanka wani lafiyayyen bijimi, na duba shi da idona, na matse toroson da hannuna. Ga shi nan cike da babbar kular kunun da aka ba ni gudummawar biki, don ta riƙe ɗumi. Ban sa a jarka ba, kada sojoji su ce fetur ne. Har yanzu hannuna wari yake, matan da ke motar sun matsa can.

Yana isowa ka ɗura mata shi da ɗuminsa, a hankali, kada ya sarƙe ta. Kada ka bar murfin a buɗe, iska na cutar da su. Kada ka zuba kanwa ko wani magani a ciki. In Allah ya so, kafin jibi za ka ga bakinta na motsi.

An tura mu Bungudu yi wa awaki rigakafi, yau za mu tafi da rakiyar jami'an tsaro, ban san ranar dawowa ba. Ka bar amsa wurin mai gadin asibitinmu.

A gaida Inna. A dawo mani da kulata, ina sonta.

Mansura

'Yandoto, ranar Alhamis

Mansura,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Wasila lafiya, sai dai tana ta tambayar nono, Asiya na lallaɓa ta da koko. Inna ma furarta da ruwa take damawa yanzu.

Jibinki ya zo ya wuce, bakin Ragowa bai motsa ba.

Yari bai iso ba sai bayan azahar. Ya ce kowane shinge sai an sauke kaya, a wani ma soja ya ce a buɗe kular, yana leƙawa ya ja da baya yana toshe hanci, ya ce su wuce su wuce. Ya ce in gaya miki ko nawa za ki ba shi ba zai sake ɗaukar irin wannan kaya ba, fasinjoji sun zage shi tas. Lokacin ina gona, muna ƙoƙarin kwashe sauran geron kafin wasu su riga mu. Inna ce ta karɓa. Da na dawo na tarar ta shirya komai, na ɗura wa Ragowa da ɗuminsa kamar yadda kika ce, ko ɗigo ban bari ba. Ban sa kanwa ba, ban sa komai ba.

Daga ranar zuwa yau sai abin da ya ci gaba. Yanzu ƙafafunta ma sun kama, tana taka ƙasa kamar mai tsoron ƙaya. In ta kwanta sai mun taru mun ɗaga ta. Idonta ya zurma. Maraƙar ta gaji da tsotson banza, ita ma ta fara zawo, ciyawar da ta fara koyon ci ta daina taɓawa.

Ni fa ban gane ba. Kin hana ni kafso, kin hana ni allura, kin sa an yi mani dariya a kwata, ga maganin naki bai yi komai ba. Mai kemis ya gan ni jiya, kallon da ya yi mani ya isa. Kuma abin da ya fi ƙona mani rai, hanyar gidanku ta gagare ki, amma Bungudu kin iya zuwa don awakin mutane. Na san za ki ce da sojoji kuka tafi. Ai shi ke nan, saniyar Baba ba ta da soja.

Inna ta ce lalle in rubuta miki wannan, tana zaune a gabana. Ta ce da ta buɗe kular ta ji warin, ta tuna da abin da kika ce yana ciki, sai ta juye shi a babbar tukunya ta ɗora a wuta, ya tafasa sosai har ya yi kumfa, sannan ta sauke ya ɗan sha iska. Ta ce ki kwantar da hankalinki, ta yi yadda kika koya mata, ba ta bar ko ɗaya da rai ba. Ta wanke miki kular da ruwan zafi da omo.

In kina da wata dabara ki faɗa. In babu ki ce babu, in san inda dare ya yi mani.

Shu'aibu

'Yandoto, ranar Lahadi

Mansura,

Sallama. Shirunki ya yi yawa. Yari ya ce ya ba mai gadinku takardata hannu da hannu. In fushi kike don maganar Bungudu, ki ajiye fushin tukuna, saniya ba ta san shi ba.

Tun jiya ba ta miƙe ba. Mun juya ta, mun tokare ta da buhun ƙaiƙayi. Maƙwabta sun fara shigowa suna ce mani kada in bari ta tafi mushe, a yanka tun da sauran numfashi. Inna ta ce ba mai kawo wuƙa gidan nan sai an ji daga ɗiyarta. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta tura Asiya ta leƙa.

Ke muke jira.

Shu'aibu

Gusau, ranar Talata

Yaya Shu'aibu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba fushi nake ba. Jiya da yamma muka dawo daga Bungudu, can ma babu waya babu komai, mai gadi ya miƙo mani takardunka biyu a haɗe. Ban kai ƙarshen ta farko ba na zauna a dandamalin ƙofa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An tafasa! Yaya, an tafasa! Kuma kai da ka karanta bayanina da bakinka, ka rubuto mani wannan a ƙasan takarda kamar labarin ruwan sama, bayan ka gama wanke ni tas. Me na ce maka yana cikin kular nan? Masu rai na ce. Ransu shi ne maganin gaba ɗaya. Na tashi da asuba, na tsaya cikin jini da ƙuda, na roƙi Yari kamar zan durƙusa, don su iso da rai. Abin da ka ɗura mata romon ciyawa ne kawai. Wallahi da ina kusa da sai na yi ihu unguwa ta taru.

Ko a mafarki ban kawo wani zai ɗora toroso a wuta ba, shi ya sa ban rubuta ba. Shekara da shekaru ina fama da Inna ta tafasa abu, ba ta tashi jin magana ba sai a kan abu ɗaya tak da bai kamata ya ga wuta ba. Wannan wace irin ƙaddara ce?

Ka ce ta tambaye ka me ya raba su ka rasa amsa. Ga amsar, ka karanta mata, ita za ta fi ka ganewa. In za ta yi kindirmo, tana dafa madara ta bari ta huce, sannan ta zuba ɗan nonon jiya a ciki ta rufe, gari ya waye ya kama. Ka tambaye ta, ta taɓa tafasa nonon jiyan nan kafin ta zuba? In ta tafasa shi, madarar za ta kama? To abin da na aiko nonon jiya ne na tumbin saniya. Na rijiya a kashe su, na tumbi a lallaɓa su. Ka karanta mata duka, kada ka tsallake, don kada a maimaita.

Yau ma na koma kwata. Kulata tana wurinku, na ari ta maƙwabciyata ban gaya mata abin da zan zuba ba. Yari ya rantse ya maya, da na ce saniyar Inna ce ya karɓa ya sa a ƙarƙashin kujerarsa. Na ce masa kada ya miƙa wa kowa sai kai. Daga hannunka sai bakinta.

Ba zan ɓoye maka ba, yadda ka kwatanta ƙafafun da idon, an yi nisa. Tsamin ya daɗe yana cin tumbin. Amma a gwada. In ka ga numfashi na sauyawa kada ka jira ni, ka kira mahauci. Ka rage kofi guda ka ba maraƙar, tana bukata ita ma, don daga lasar uwa da bakin uwa maraƙi ke samun nasa.

Maganar Bungudu ta yi mani zafi, amma za mu yi ta wata rana.

Ƙanwarka,
Mansura

'Yandoto, ranar Juma'a

Ƙanwata Mansura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Abdulrahman. Wasila da Asiya lafiya. Inna da sauƙi, jiya ta ɗan ci tuwo.

Sai haƙuri. Mun yanka Ragowa ranar Litinin da la'asar, ina jin a lokacin kina kan hanyar dawowa daga Bungudu. Numfashinta ya sauya, ta miƙe wuya a ƙasa. Na shiga ɗaki na ce Inna, ba a ji daga Mansura ba, amma in aka ƙara jira asara za ta zama biyu. Ta fito ta shafa goshin Ragowa, ta koma ta sakaya ƙofa. Na kai maraƙar gidan Liman kada ta gani.

Da mahaucin ya farka tumbin na tsaya na duba, saboda maganarki. Geron na nan a ciki, ga wani tsami mai hawa kai, fatar tumbin kuma tana saɓulewa a hannu. Ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba. Ƙila ko ba a tafasa ba ba za ta tashi ba. Ƙila kuma da ta tashi. Na juya abin nan a raina har na gaji, da kafsona da tukunyar Inna da shingen sojoji, ban san wanda zan kama ba.

Washegari Yari ya iso da kular da takardarki. A zaure na karanta ni kaɗai, Allah ya taimake ni. Kin yi gaskiya a kaina, da bakina na karanta masu rai, na kuma rubuta miki da hannuna an tafasa ban farga ba. Maganar Bungudu ki yafe ni, zafin rai ne.

Amma Mansura, ban karanta wa Inna duka ba, kuma ba zan karanta ba. Da na shiga ta ce in zauna in karanto. Na karanta gaisuwa, na karanta kin koma kwata, na tsallake zuwa wurin maraƙa. Ta ce yau takardar gajera ce. Na ce sauri kike. Kin ce za ta fi ni ganewa, to shi ne abin da na ji tsoro. Matar da ta shekara arba'in tana kafa nono, ina faɗin nonon jiya ta gama gane komai. Ba ki ga yadda ta ɗauki na Wasila ba, ga yarinya a raye tana gudu amma har yau ba ta yafe wa kanta ba. Tun ranar Litinin abin da take riƙe da shi ɗaya ne. Duk wadda ta shigo jaje sai ta ce mata, “Kwana ne ya ƙare, amma mun yi duk abin da ɗiyata ta ce, ban rage komi ba.” In na ƙwace wannan, me zan ba ta?

Na fito da kular zan nufi wurin maraƙar, sai ga Inna ta ɗauko tukunyar nan tana gyara itace a murhu. Na ce Inna, wannan ba sai an ɗora ba, Mansura ta riga ta tafasa shi a Gusau, a injin asibiti. Ta tsaya tana kallona. Sai ta ajiye tukunyar ta ce, “Madalla. Ɗiyata ba ta wasa da aikinta.” Allah ya yafe mani ƙaryar. Ita ta riƙe mani kan maraƙar na ɗura mata.

Yau da hantsi Wasila ta kira ni in zo in ga maraƙa na cin cingam. Na tarar da ita kwance a inuwar rumbu, inda uwarta ke kwanciya, bakinta na juyawa a hankali. Ko kularki ce ko yunwa ce ta koya mata, Allah masani. Inna ta ɗauko kujera ta zauna kusa da ita, har na fito ba ta tashi ba.

Na san ki da baki, na san kuma ba kya son a bar kuskure ya kwana. In akwai wani abu nan gaba, ni za ki gaya wa, ni zan tsaya a kai. Amma ranar da aka buɗe waya, ko ranar da hanya ta yi kyau kika zo, Inna za ta yi miki godiya a kan wannan. Kin tafasa shi a Gusau, a injin asibiti. Ki riƙe wannan, kada bakinmu ya saɓa.

Kuloli biyu na hannun Yari, na wanke ta maƙwabciyarki da toka amma har yanzu da ɗan wari, ki san abin da za ki ce mata. Akwai ƙullin kilishi a cikin taki, Inna ta ce rabonki ne.

Yayanki,
Shu'aibu